TAKARDAR DA BA A TANTANCE BA, WA ZAI SAYE TA?

Duk ɗan Arewa da ke neman abinci a Ikko ko Badun ko Fatakwal ko Anacha, idan Allah ya nufe shi da zuwa ganin gida ta hanyar Lakwaja, da wuya motarsa ta kama hanyar Kaduna ba ta ratsa ta gindin Dutsen Zuma ba, dab da Madalla a ƙasar Suleja. Wanda bai taɓa ganin dutsen da idonsa ba ma ya san kamanninsa, domin tun 1999 aka sa hotonsa a bayan takardar naira 100. To, babu mai sayen goro a Shagamu, ko dillalin shanu a Agege, ko ɗan canji a tsibirin Ikko, da zai karɓi takardar kuɗi mai nauyi daga hannun baƙo ya jefa aljihu bai murza ta ba, bai ɗaga ta ga haske ba. Ɗan kasuwa ya san cewa takarda ba ta da daraja sai an tabbata akwai wanda ya tsaya mata.

Abin takaici shi ne akwai wata irin takarda da Gwamnatin Tarayya ke bugawa ta sa mata hatimi, alhali babu wanda ya ɗaga ta ga haske kafin a ba da ita. Ita ce takardar mallakar ƙirƙira, watau shaidar da hukuma ke bai wa wanda ya gano wani sabon magani ko sabon inji ko sabuwar hanyar sarrafa abu. A kan wannan takarda ne dukiyar da ake zubawa a cibiyoyin bincike da jami'o'i ke komawa riba ko ta koma asara, kuma dukiyar nan ta talakawa ce, har da harajin da ake karɓa a hannun masu neman abinci a Kurmi.

Ba sai an je nesa neman misali ba. Mafi yawan ƙasar da aka yanka aka kafa sabon birnin tarayya a 1976 daga Jihar Neja ta fito. Masarautar Abuja ta ba da ƙasa, ta ba da suna, ita kuwa ta koma Suleja. A cikin wannan ƙasa, tafiyar da ba ta fi awa guda a mota daga Zuma ba, aka gina Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa, watau NIPRD, a Idu, da kuma Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Sheda a kan hanyar Lakwaja. Tsakanin waɗannan wurare biyu ne aka yi wani al'amari da ya kamata kowane mai biyan haraji ya san shi. Amma kafin a zo gare shi, ya kyautu mai karatu ya fahimci ita kanta takardar.

Takardar mallakar ƙirƙira ciniki ce tsakanin mai ƙirƙira da jama'a. Shi zai bayyana asirin abin da ya gano a rubuce, dalla-dalla, yadda kowane masani zai iya karantawa ya yi irinsa. Hukuma kuwa za ta hana kowa ƙera abin ko sayar da shi ba da izninsa ba, har shekara 20 daga ranar da ya shigar da nema. Bayan wa'adin ya cika, abin ya zama na kowa. Saboda haka ta yi kama da takardar fili. Mai sayen fili a Ikko ya san tambayoyin da ake yi kafin a ƙirga kuɗi: shin mai sayarwa shi ne mai filin na asali, ko an riga an sayar wa wani? Ina iyakar filin ta gabas da ta yamma? Shekara nawa suka rage a takardar? Haka nan mai masana'anta ke tambaya. Shin abin sabo ne, ko an riga an san shi a wata ƙasa? Shin takardar ta zana iyakar abin da aka mallaka a fili, ko kuwa maƙwabci zai iya canja ɗan abu kaɗan ya zagaye shingen? Shin bayanin ya isa a ƙera abu iri ɗaya yau da gobe da jibi? Shin an yi mata rajista a ƙasashen da kasuwar take? Takardar da ta amsa waɗannan ita ce mai inganci, kuma ita kaɗai banki ke yarda ya ba da bashi a kanta.

Dokar da Nijeriya ta fi shekara 50 tana aiki da ita a kan wannan sha'ani ita ce Doka ta 60 ta 1970, wadda aka kafa zamanin mulkin soja na Janar Yakubu Gowon. Sashe na 4 na dokar ya umarci magatakarda ya duba ko an cika fom daidai, ko an biya kuɗin rajista, sa'an nan ya ba da takarda ba tare da ya bincika ko abin sabo ne ko bayaninsa ya wadatar ba. Dokar ba ta ɓoye kome ba, domin ta faɗa ƙarara cewa ana ba da takardar ne bisa kasadar mai ita, kuma hukuma ba ta lamunci sahihancinta ba. Sai ranar da rigima ta kai gaban Babbar Kotun Tarayya ne za a san ko takarda ce ko hoto. A Amurka da Turai da Japan kuwa akwai dubban masu tantancewa, masana kimiyya, waɗanda aikinsu shi ne su tono duk abin da aka taɓa rubutawa a kan batun, su yi ta ja-in-ja da mai nema, wani lokaci shekaru, kafin a sa hatimi. Wane ɗan kasuwa ne mai hankali zai gina masana'anta ta miliyoyin naira a kan takardar da mai ba da ita ya ce shi ma bai tsaya mata ba? Wannan cinikin biri a sama ne, kuma masu kuɗi ba su yin sa.

Yanzu sai al'amarin Idu da Sheda. Ciwon amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila, babu ƙasar da ya addaba a duniya kamar Nijeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa kashi 24 cikin ɗari na mutanen ƙasar suna ɗauke da irin ciwon a jininsu, kuma ana haihuwar yara kimanin 150,000 da shi kowace shekara. Da wuya a sami zango a Kurmi ko unguwa a Arewa da ba a san gidan da yaro ke kwana yana kukan ciwon ƙashi ba. An kafa NIPRD a 1987, ta fara aiki a 1989, kuma a farkon shekarun 1990, ƙarƙashin shugabancin Farfesa Charles Wambebe, ta ƙulla yarjejeniya da wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, wanda ya miƙa mata haɗin da yake ba masu wannan ciwo. Haɗin na tsirrai huɗu ne: masoro, da kanumfari, da karan dafi, da itacen da Yarbawa ke kira osun, ɗan'uwan madobiya. Masanan cibiyar suka tace shi, suka auna shi, suka gwada shi, da kuɗin gwamnati da gudummawar Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka sa masa suna Niprisan.

A nan dole a yaba wa waɗanda suka yi aikin. Ba su tsaya ga takardar gida ba. Sun kai nema ofishin Amurka a 1997, inda aka tantance, aka ba su takarda mai lamba 5,800,819 a watan Satumba na 1998, kuma sunan mai maganin gargajiyar yana cikin jerin masu ƙirƙirar, abin da ba kasafai ake gani ba a wancan zamani. A 2001 aka buga sakamakon gwajin da aka yi a kan marasa lafiya 82, wanda ya nuna cewa maganin yana rage yawan tashin ciwo mai tsanani. Wannan takarda da aka tantance ita ce ta jawo mai saye daga ƙetare. A 2002 aka ba kamfanin Xechem na jihar New Jersey iznin yin maganin da sayar da shi a duniya baki ɗaya, shi kaɗai, a kan dala 115,000 a hannu da kashi 7.5 cikin ɗari na ciniki. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa shi cikin jerin magungunan da ake ba gata na musamman a 2003, kuma a watan Yuli na 2006 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shi a Sheda da sunan Nicosan.

Murnar ba ta daɗe ba. Kamfanin ya ci bashin bankuna domin gina masana'anta, maganin bai wadata a kasuwa ba, a ƙarshen 2008 uwar kamfanin a Amurka ta shiga kotu ta ce ta karye, a 2009 kuma gwamnati ta janye iznin. Iyayen da 'ya'yansu suka saba da maganin suka shiga neman sa kamar ruwa a jallo. Sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker na Ikko, wanda ya fito da shi da sunan Niclovix. A lokacin kuwa wa'adin shekara 20 na takardar Amurka ya riga ya cika. Watau shekarun da ya kamata ƙasar ta ci moriyar mallakarta, kusan rabinsu an cinye su cikin jira da shari'a da rubuce-rubucen ofis.

Da sauƙi a ɗora laifin duka a kan baƙon kamfani a wanke hannu. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Me ya sa manyan kamfanonin magani na duniya, masu kuɗin gina masana'anta goma ba tare da bashi ba, ba su yi rububin wannan takarda ba, sai ƙaramin kamfani mai ƙaramin jari? Amsar tana cikin abin da takardar ta kewaye. Abin da aka mallaka haɗin ruwan tsirrai huɗu ne da hanyar tace su. Ƙarfin tsiro kuwa yana canjawa da ƙasar da aka shuka shi, da damina, da lokacin girbi, da yadda aka shanya shi, shi ya sa ma ba a yarda kowa ya sayo masoro da kanumfari ya dafa wa yaro a gida da sunan magani ba. Irin wannan mallaka tana da wuyar tsarewa a kotu, tana da wuyar ƙerawa iri ɗaya kullum, kuma hukumomin magani na ƙasashen waje suna neman babban gwaji a kan ɗaruruwan mutane kafin su yarda da ita. Masu bitar gwaje-gwajen magani na Cochrane sun duba abin da aka buga, suka ce akwai alamar amfani, amma ana bukatar gwaji mafi girma. Da an ci gaba da zuba kuɗi a Idu har a ware sinadaran da ke aikin, a auna su, a nemi sababbin takardu a kansu ɗaya bayan ɗaya, da shingen ya yi ƙarfi, wa'adinsa kuma ya ƙaru.

Hujjar wannan magana tana cikin kayan shi kamfanin da ya karye. A 2005 Xechem ya karɓi iznin wani sinadari guda ɗaya tak na maganin sikila, mai suna 5-HMF, daga Jami'ar Virginia Commonwealth, wadda ita ma ta gwamnati ce. Bayan faɗuwar Xechem sinadarin ya koma hannun wani ƙaramin kamfani, AesRx, cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka suka taimaka wajen gwada shi, a 2014 kuma babban kamfanin Baxter ya saye AesRx ɗungurungum. Gaskiya ne wannan sinadari bai kai ga zama magani a kanti ba, domin takarda ba ta warkar da kowa, gwaji ne ke nuna abin da ke warkarwa. Amma mai karatu ya lura: gida ɗaya ya rushe a kan kaya biyu, wanda iyakarsa ke zane a fili ya sami mai ɗauka da mai zuba masa kuɗi, wanda ya riga ya shiga bakin marasa lafiya a Nijeriya kuwa ya yi kusan shekara 10 yana jiran mai taimako.

Akwai masu cewa duk wannan batu na takarda dabarar Turawa ce ta danne matalauta, ilmi kuwa na Allah ne, bai kamata a kewaye shi da shinge ba. Niyyarsu mai kyau ce, amma tarihi bai goyi bayansu ba. Masanan ƙasar Sin, cikinsu har da Tu Youyou wadda ta sami kyautar Nobel a 2015, sun gano maganin zazzaɓin cizon sauro na artemisinin da kuɗin gwamnatinsu a farkon shekarun 1970, ba su nemi takarda a kansa ba, daga baya kuwa kamfanin Novartis na Suwizalan ne ya shahara a duniya da sayar da haɗin Coartem. Wanda ya ƙi kewaye gonarsa bai hana a yi girbi ba, ya dai bar wa wani ne ya yanka farashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Bugu da ƙari, ita dokar 1970 ta ba gwamnati ikon amfani da kowace takarda domin bukatar jama'a, har da magunguna. Takarda mai ƙarfi a hannun cibiyar gwamnati makami ne na sa wa kamfani sharaɗi a kan farashi da yawan abin da zai ƙera.

Akwai kuma masu ƙidaya. Su ne waɗanda ke tara 'yan jarida kowace shekara su sanar cewa an raba takardu kaza ga jami'o'i da cibiyoyi, a ɗauki hoto, a watse. Hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979, ta yi ƙoƙari wajen taimaka wa masu bincike su yi rajista, kuma tun 2006 take buɗe ofisoshin wannan aiki a jami'o'i. Amma tambayar da ba a cika yi ba ita ce: cikin takardun nan nawa ne wani mai masana'anta ya biya kuɗi ya karɓi izninsu? Nawa ne ake biya musu kuɗin shekara, tun da doka ta ce wadda aka daina biya wa ta mutu? Nawa ne malamin ya riga ya buga asirinsu a mujalla domin neman ƙarin girma kafin ya shigar da nema, alhali abin da aka riga aka bayyana wa duniya ya daina zama sabo a idon doka? Amurka ma ta taɓa faɗawa wannan rami. Kafin 1980 gwamnatinta na riƙe da takardu wajen 28,000, waɗanda ko kashi 5 cikin ɗari ba a ba wani izninsu ba. A shekarar ne aka kafa dokar Bayh da Dole, wadda ta bar wa jami'o'i mallakar abin da suka gano da kuɗin gwamnati, bisa sharaɗin su nema masa kasuwa, su ba mai ƙirƙira rabonsa. A shekarar ne kuma aka ba da takardar Cohen da Boyer a kan dabarar haɗa ƙwayoyin gado. Jami'ar Stanford ta ƙi ba kamfani ɗaya ita, ta ba kamfanoni fiye da 400 izni a kan kuɗi mai sauƙi, kafin wa'adin ya cika a 1997 kuwa ta kawo wa Stanford da Jami'ar Kalifoniya fiye da dala miliyan 250. Da Niprisan na hannun kamfanoni uku ko huɗu, da faɗuwar ɗaya ba ta yanke wa yara magani ba.

Masu cewa babu kuɗin ɗaukar masu tantancewa su ma hujjarsu ba ta da ƙarfi. Tun 2005 Nijeriya ta shiga yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da ake kira PCT, wadda ta ba mai nema damar shigar da takarda ɗaya, wani babban ofishi na waje ya bincika masa ya ba shi rahoto a kan ko abinsa sabo ne. Ba abin da ya hana a wajabta wa kowace cibiyar gwamnati ta nemi irin wannan rahoto kafin ta yi shela. Indiya ta nuna amfanin ƙwararru a wannan fage. A 1995 ofishin Amurka ya ba wata jami'a takarda a kan warkar da rauni da gangamau, masanan gwamnatin Indiya suka kawo tsofaffin rubuce-rubuce da ke nuna cewa an daɗe da sanin wannan, aka soke takardar a 1997. Daga nan Indiya ta tattara ilmin maganinta na gargajiya cikin kundi guda ta buɗe wa masu tantancewa na duniya. Arewa na da irin wannan taska, tun daga littattafan magani na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har zuwa abin da ke kan masu magani na karkara, amma taskar da ba a rubuta ba, ba ta tsayawa shaida a kotu.

Saboda haka abin da ya wajaba a fili yake. Majalisar Tarayya, wadda aka sha kai wa ƙudurin gyaran wannan doka, ta gyara sashe na 4, a fara tantancewa ko da a fannin magani da noma kaɗai. A daina auna cibiya da yawan takardun da ta rataya a bango, a auna ta da izni nawa ta sayar da kaya nawa suka shiga kasuwa. Kada a sake ba kamfani ɗaya iznin duniya baki ɗaya a kan abin da aka gano da kuɗin jama'a, sai an binciki jarinsa, an sa masa wa'adi, an kuma rubuta cewa ranar da ya kasa, wani zai ɗauka ba tare da jinkiri ba. A ware kuɗin lauyoyi masu sanin kimiyya da kuɗin babban gwaji tun ranar da aka ware na bincike. A rubuta rabon mai ƙirƙira da na mai maganin gargajiya, a kuma biya su. Sarakunan Hausawa na zango-zango da ƙungiyoyin 'yan kasuwar Arewa a Kurmi, waɗanda 'yan siyasa ba su mantawa da ƙofarsu lokacin zaɓe, suna da bakin da za su yi wa wakilai waɗannan tambayoyi, kuma babu wanda ya fi su sanin bambancin takardar kirki da jabu.

A garin Suleja ne gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe makarantar ginin tukwane a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali, wadda hotonta ke kan naira 20, ta yi aikin da ya kai sunan ƙasar nan Ingila da Amurka. Magina sun san cewa tukunyar da ta bushe ba ta karɓar zane, shi ya sa Bahaushe ya ce tun ran gini, tun ran zane. Ingancin takarda ana neman sa ne ranar da ake rubuta ta, da ranar da ake sa hannu a yarjejeniya. Yaran da za a haifa da amosanin jini a bana ba za su jira wata shekara 10 ba.